Yadda Ake Mayar da Chevrolet Astro Mai Jan Baya ta Koma Mai Jan Taya Huɗu

Tambayar nan ta yawaita: mutum yana da bas mai jan tayoyin baya kaɗai, ta gaji da kafewa a rairayi da taɓo, sai ya ji an ce ana iya ciro kayan wata mota a ɗora mata ta koma mai jan huɗu. Ana iyawa, amma ba kowace mota ce ke karɓar aikin cikin sauƙi ba. Zan yi bayanin ne a kan Chevrolet Astro da 'yar uwarta GMC Safari, waɗanda kamfanin GM ya ƙera a Baltimore ta Amurka daga 1985 zuwa 2005. Daga 1990 zuwa 2005 kamfanin ya riƙa fitar da su iri biyu, mai jan baya da mai jan huɗu, da inji iri ɗaya mai silinda 6 da lita 4.3. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne inji, giyabos, sitiyari da ƙafafun gaba duk a kan ƙaramin firam guda suke zaune, wanda aka ɗaure a jikin motar da bol. Kwance shi ake yi da sifana, ba yanka ba.

Sharaɗi ɗaya ne ya fi komai: ka sayi motar yanka guda sukutum, mai jan huɗu, ta shekarar da ta dace da taka. Wanda ya ce zai tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya, motarsa za ta daɗe a kan jak.

1. Lissafi kafin a taɓa sifana

Kuɗin aikin nan kashi-kashi ne. Akwai kuɗin motar yanka da na kawo ta, akwai sababbin kayan da dole a canza, akwai mai iri-iri, ladan makaniki da na mai lantarki, sai tayoyi huɗu sababbi idan naka ba su yi daidai da juna ba. Mutane kan lissafa na farko kaɗai su manta da sauran, alhali sababbin kayan ƙafa da tayoyi su ne suke cinye aljihu a tsakiyar aiki. Ka ware wani abu daban saboda abin da ba ka zata ba, don tsohuwar mota ba ta rasa bol ɗin da zai karye.

Ka tambayi kanka kuma ko aikin ya cancanta. A Amurka sau da yawa ya fi arha mutum ya sayar da tasa ya sayi mai jan huɗu kai tsaye. Inda juyawar take da riba shi ne idan jikin motarka lafiyayye ne, injinta ka san shi, ita kuwa mai jan huɗun da ka samu ta yi haɗari a gefe ko a baya, ko jikinta ya ruɓe. Idan aka gama, abin da ya rage na motar yankan, su ƙofofi, kujeru, gilashi da fitilu, ana sayar da su a rage asara.

Ga wanda yake Najeriya ko Nijar, a sani cewa kayan Astro ba su cika yawa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas kamar kayan motocin Japan ba. Ƙaramin ƙarfe ɗaya da aka manta zai iya tsayar da aiki har sai an yi odarsa daga waje.

2. Zaɓen motar yanka

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Shekara ce ke raba kayan. Giyabos ɗin motocin farko, har zuwa 1992, shi ne 700R4 wanda ba ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke canza masa giya ba. Daga 1993 aka koma 4L60E mai aiki da lantarki, shi ma kuma an yi ta sauya masa kayan ciki, musamman a 1995 da 1996. Giyabos na 1994 zai ɗauru a jikin injin 1997 lafiya lau, amma ƙwaƙwalwar ba za ta iya sarrafa shi yadda ya kamata ba. A 1995 aka canza fuskar motar, a 1996 aka canza dashbod da tsarin ba inji mai.

Sai akwatin raba ƙarfi, wanda makanikai ke kira tiransfa. Daga 1990 zuwa 1998 BorgWarner 4472 ne. Ba ya buƙatar kwamfuta: kullum yana tura kusan kashi 35 cikin 100 na ƙarfi gaba, 65 baya, idan taya ta fara sulɓi kuma wani ruwa mai kauri da ke kulle a cikinsa ya riƙe. Daga 1999 zuwa 2005 NV136 ne, wanda a tafiyar yau da kullum baya yake turawa, sai idan ƙaramar kwamfutarsa ta ga gudun farfelar gaba da ta baya (sandunan da ke kai juyi daga tiransfa zuwa aksil) ya bambanta, ta sa wani ƙaramin moto ya matse kuloci ya tura ƙarfi gaba. Idan da zaɓi a hannuna, 4472 zan ɗauka, saboda inda babu waya babu ciwon kan waya.

Daga 2003 kuma aka koma rim mai noti 6 da inci 16, da birkin faifai a baya. Kafin nan noti 5 ne. Idan motarka ta 2000 ce ka sayo ta yanka ta 2004, za ka wayi gari da noti 6 a gaba, 5 a baya, sai dai ka ɗauko aksil ɗin baya da duk tsarin birkinta.

Saboda haka ka nemi ta shekararka daidai. In ba a samu ba, ka tsaya cikin rukuni: 1996 zuwa 1998, ko 1999 zuwa 2002, ko 2003 zuwa 2005.

*Gargaɗi:* masu jan huɗu an fi sayen su a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi. Gishirin nan yana cin ƙarfe. Ka shiga ƙarƙashin motar da guduma da tocila, ka bubbuga firam ɗin, musamman wuraren da yake haɗuwa da jiki da inda hannuwan ƙafa suke kama shi. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda take ɓarewa fale-fale ko guduma ta huda, a bar motar, ko da kyauta aka ba ka.

Idan motar tana tashi, ka tuƙa ta. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi zagaye a hankali a kan kwalta. Idan tana tirjewa tana tsalle, a 4472 alama ce ta cewa abin riƙon cikinsa ya ƙone ya kulle. A NV136 sau da yawa tsohon mai ne ke jawo haka, canza shi kan magance.

3. Daidaita giyar aksil na gaba da na baya

Kuskuren da ya fi kowanne tsada ke nan. Dole giyar difarenshal (akwatin da ke raba juyi ga tayar hagu da ta dama) na gaba ta zama daidai da ta baya. A jikin ƙofar fasinja ta gaba akwai takarda mai jerin lambobi masu harafi uku-uku. GU6 na nufin 3.42, GT4 na nufin 3.73, GU5 3.23, GU4 kuma 3.08. Ka karanta ta motarka, ka karanta ta motar yanka.

Kada ka tsaya ga takarda kaɗai, don mota mai shekara 20 ko fiye wataƙila an taɓa canza mata aksil. Ka ɗaga tayar baya ɗaya, ka sa giya a furi, ka tokare sauran tayoyin, ka yi wa farfela alama da alli. Juya tayar sau biyu cif, kana ƙirga juyin farfela. Idan ta yi uku da kusan rabi, 3.42 ce. Idan uku da kashi uku cikin huɗu, 3.73 ce. A aksil na baya ana iya buɗe murfi a ƙirga haƙora: 41 da 12 shi ne 3.42, 41 da 11 shi ne 3.73. Na gaba ba shi da irin wannan murfin, gidansa rabi biyu ne a haɗe, saboda haka da juyi ake gane shi.

Bambancin 3.42 da 3.73 kusan kashi 9 cikin 100 ne. Ma'ana a kowane juyi gaba da baya suna ja-in-ja, tiransfa ce a tsakiya take shan wahala, kuma ba za ta daɗe ba. Idan ba su zo ɗaya ba, hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko aksil ɗin baya na motar yankan ka sa a taka.

4. Wuri da kayan aiki

Injin Astro ta ƙasa yake fita, tare da firam. Ko dai a ɗaga jikin motar sama a bar firam a ƙasa, ko a sauke firam ɗin. Garejin da ke da injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu shi ya fi dacewa. In babu, sai cembulok (sarƙar ɗaga kaya) mai ƙarfi da aka rataya a ƙarfen da zai iya ɗaukar nauyin, da daɓen siminti mai sumul da za a iya gangaro da firam a kai.

Za a buƙaci jak babba na ƙasa, jak na giyabos, matokarai na ƙarfe aƙalla huɗu, soket da sifana na milimita, dogon hannun kwance bol, sifanar auna ɗauri, abin cire bol-joyin da tayarod, sifanar bututun birki, man kwance tsatsa, da na'urar karanta laifin mota. Ka nemi littafin gyaran motar na shekararta, don adadin ɗaurin kowane bol a ciki yake. Ka tanadi ledoji da maka da salatif na rubuta suna. Wayarka ma kayan aiki ce: ɗauki hoton komai kafin ka kwance.

*Gargaɗi:* ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma tokare ta da bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

5. Fara da motar yanka

Da ita ake koyon hannu, don in an ɓata wani abu a jikinta asarar kaɗan ce. Kwana biyu kafin aiki a fesa man tsatsa a duk manyan bol.

Cire batir. Zuƙe ruwan lagireto, baƙin mai, man giya da na tiransfa. Buɗe murfin inji na cikin mota, wanda ke tsakanin kujerun gaba, don ta nan ake kai hannu ga wayoyi da bututan bayan inji. Cire farfelar baya, salansa, wayoyin inji, bututan fetur, igiyar totur da ta giya, bututan birki na gaba, sandar da ta haɗa sitiyari da akwatinsa, da tiyon lagireto. A yawancin waɗannan motoci famfon sitiyari ne ke ba birki ƙarfi, saboda haka akwai bututan mai da suka hau zuwa bayan tukunyar birki. Su ma a cire su a toshe bakinsu.

Daga nan a tallafi firam da giyabos, a kwance manyan bol ɗin da ke riƙe da su, a ɗaga jikin motar a hankali. Mutum ɗaya ya tsaya yana leƙe ta kowane gefe. Kullum akwai wayar ƙasa (wadda ke haɗa lantarki da ƙarfen jikin mota) guda da aka manta.

Abin da za ka ɗauka: firam gaba ɗaya da ƙafafunsa, difarenshal, shaf biyu na gaba, sandunan murɗawa (masu yin aikin sifirin a gaba) da ƙarfen da suke kamawa ta baya, giyabos da tiransfa a haɗe, ƙarfen da ke tallafe su, farfela biyu, bututun salansa na gaba, kaskon baƙin mai da bututun tsotsonsa da sandar auna mai, kujerun inji, bututan sanyaya man giya, tiyon birki, na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, da garkuwoyin zafi. Idan ta 1999 zuwa sama ce, ka haɗa da kwamfutar tiransfa da wayarta tun daga tushe. A bi wayar a zare ta, kada a datse. Duk bol da ƙaramin ƙarfe a leda, da sunansa. Kada a sayar da gangar jikin sai taka ta hau titi.

6. Gyara komai tun yana ƙasa

Yanzu firam yana fili, hannu na kaiwa ko'ina. Abin da zai ɗauki rabin awa yau, zai ci yini idan an ɗora jiki.

A wanke firam, a kankare tsatsa, a shafa fenti. A canza bol-joyin na sama da na ƙasa, bushin na hannuwa, tayarod, shokazoba, da robobin da ke tsakanin firam da jiki. Astro tana da hannuwan tallafin sitiyari guda biyu, kuma duk mai motar ya san su da saurin lalacewa. A sa sababbi masu kyau, ba masu arha ba. A juya hob na kowace taya da hannu, in yana gurnani ko yana girgiza a canza shi, don na mai jan huɗu a rufe yake, ba a buɗe shi a sa giris. A duba robar shaf, in ta tsage ƙasa ta riga ta shiga. A canza sil na difarenshal, na bayan inji, na gaban giyabos da na tiransfa, da matatar man giya.

*Gargaɗi:* mai jan huɗu ba ta da sifirin mai naɗi a gaba, sandunan murɗawa ne ke ɗauke da nauyi. Ko motar tana sama akwai sauran ƙarfi a cikinsu. Da abin matse su na musamman ake sassauta su, bayan an ƙirga zaren bol ɗin daidaitawa an rubuta. Ta hagu da ta dama ba a musanya su, a yi musu alama tun kafin a zare.

7. Sauke firam ɗin motarka

Matakan su ne na lamba 5, sai dai yanzu da taka-tsantsan, don komai zai koma aiki. Kafin a cire komai a auna tsayin motar daga ƙasa zuwa bakin kowane mudgad a rubuta. A yi wa wurin zaman firam alama a jikin motar. A rage matsin fetur kafin a buɗe bututu. Gas ɗin na'urar sanyaya mota a kai wa mai aikin ya zuƙe shi, kada a sake shi a fuskar mutane.

*Gargaɗi:* a miƙe tayoyi, a ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera kafin a raba shi da akwatinsa. Idan ya juya shi kaɗai, siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa ta jakar iska da hon za ta tsinke.

Da an fitar da tsohon firam, a jera shi kusa da sabon a kwatanta ramukan bol. A leƙa ƙarƙashin jikin motocin biyu a ga ko akwai wani maƙali ko rami da ke jikin ta yankan wanda babu a taka. In akwai, yanzu ne lokacin huda ko walda, ba bayan an ɗora ba. Sifirin ɗin tsohon firam kuwa a ƙyale shi a yadda yake, babu dalilin kwance shi.

8. Wane inji, wane giyabos

Hanya biyu ce. Idan motocin shekararsu ɗaya kuma injin ta yankan lafiyayye ne, ana iya tura shi yadda yake, da giyabos da komai. Ya fi sauri. Amma ni na fi son mutum ya riƙe injinsa da ƙwaƙwalwarsa. Ya san tarihinsu, lambar inji ba ta saɓa wa takardu ba, kuma ya kauce wa rigimar tsarin hana sata da motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama suke da shi, wanda kan hana mota tashi idan aka canza ƙwaƙwalwa ba a sake koya mata ba.

In injinka za ka riƙe, a ɗaga shi daga tsohon firam, a raba shi da tsohon giyabos, a sa masa kaskon mai na motar yanka da bututun tsotso da sandar awo, saboda difarenshal yana zaune ne dab da kaskon. A sa sabon gasket, a ɗora shi a kan kujerun sabon firam.

Kada ka yi tunanin cire wutsiyar giyabos ɗinka ka manna masa tiransfa. Sandar da ke fitar da ƙarfi a na mai jan baya doguwa ce, ta mai jan huɗu gajera, kuma ba a canza ta sai an wargaje giyabos ɗin gaba ɗaya, don tana cikin abubuwan ƙarshe da ke fita. Idan na motar yankan ya mutu naka kuma lafiya lau, to aikin ƙwararren mai giya ne ya yi musanyar.

*Gargaɗi:* kafin a haɗa giyabos da inji, a tabbatar konbata, wato gangar da ke kai juyin inji ga giyabos, ta zauna har ƙarshe. Ana tura ta ana juyawa har ta faɗa mataki-mataki. Idan giyabos ya ƙi mannewa da inji, kada a ja shi da bol. Haka ake fasa famfon giya tun mota ba ta tashi ba. A kuma wanke bututan sanyaya mai da iska da sabon mai, kada dattin tsohon giyabos ya shiga wannan.

9. Mayar da jiki kan firam

A gangaro da firam ƙarƙashin mota, a sauke jiki a hankali, ana lura da bayan inji da wayoyi kada a matse su. A kama duk manyan bol da hannu tukuna, kada a ɗaure ko ɗaya sai duk sun shiga. A daidaita da alamun da aka yi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, sannan a ɗaure da sifanar awo. Firam ɗin da ya zauna a karkace, mai alaimen ba zai iya gyara shi ba.

Sai a mayar da ƙarfen tallafin giyabos, sandar sitiyari, lagireto, bututan fetur da igiyoyi. Bol ɗin bushin na hannuwan ƙafa kuwa sai motar ta sauka a kan tayoyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

10. Farfela da salansa

Tsohuwar farfelarka ta yi tsawo yanzu, ta motar yanka za a sa. A duba kuros ɗinta, in yana da wasa a canza. Ta gaba ita ma a duba mahaɗanta. Salansar gaba ta motar yankan za a ɗora, a tabbatar ba ta taɓa farfela ko tiransfa, a mayar da garkuwoyin zafi duka.

A nan wasu ke tambaya ko za a samu ƙaramar giyar hawa tudu. Tiransfar Astro, ko wacce daga cikin biyun, ba ta da ita. Masu son haka a Amurka sukan ɗauko NP231 ko NP233 daga Chevrolet S-10 ko Blazer. Aiki ne daban: farfela kan buƙaci gyara, dole a yi wa abin canza giyar wuri, kuma motar ta daina zama mai jan huɗu a kowane lokaci, don ba a tafiya da irin wannan tiransfar a kulle a kan busasshiyar kwalta. Shawarata a gama wannan aikin tukuna, motar ta yi tafiya, sannan a yi tunanin wancan.

11. Wayoyi

A mai jan baya, abin auna gudu yana wutsiyar giyabos. Yanzu ya koma jikin tiransfa, wayarsa ba lallai ta kai ba. A ƙara mata tsawo da dalma da robar rufi, ba da murɗawa da salatif ba, a kuma nisanta ta da salansa. Idan siginar nan ba ta isa ƙwaƙwalwa ba, allurar gudu za ta kwanta, giyabos kuma ya ƙi canza giya daidai. Mutane da yawa sun zargi giyabos mai lafiya saboda wannan 'yar wayar.

Mai 4472 ya kusan gamawa ke nan. Mai NV136 sai ya dasa kwamfutar tiransfa, ya ba ta wuta ta fis, ya haɗa mata wayar ƙasa, ya haɗa ta da moto da na'urorin auna gudun farfela, bisa zanen wayoyi na shekarar motar. Ba tare da ita ba motar za ta yi tafiya sumul, amma da baya kaɗai, ba kuma za ka sani ba sai ranar da ka kafe. A haɗa wayoyin ABS na tayoyin gaba. Idan fitilarsa ta ƙi mutuwa bayan an duba wayoyi, a gwada na'urar da aka ciro daga motar yanka.

12. Mai, birki, tayoyi da alaimen

Difarenshal na gaba man giya mai kauri yake sha, 80W-90. Giyabos da 4472 jan man Dexron. NV136 kuwa nasa daban ne, shuɗin mai na GM da ake kira Auto-Trak II. In aka zuba masa wani, zai fara tirjewa a kwana.

A fitar da iskar birki a tayoyi huɗu, daga mafi nisa da tukunya zuwa mafi kusa. A cika man sitiyari, a ɗaga gaba, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe, sannan a tayar. Tunda famfon sitiyari ne ke taimakon birki, ba a fita da motar sai kumfa ta ƙare kuma feda ta yi tauri.

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, kamfani ɗaya, cin su ɗaya, iska daidai. Sabuwa biyu a gaba da tsofaffi biyu a baya, ƙaramin nau'i ne na matsalar lamba 3. A daidaita tsayin gaba da bol ɗin sandunan murɗawa har hagu da dama su yi daidai. Kada a ɗaure su fiye da kima don motar ta yi tsayi, shaf da bol-joyin ne za su biya. Bayan tsayi ya zauna sai a kai alaimen, ba kafin nan ba.

13. Gwaji

A tayar da inji a bar shi ya yi zafi a tsaye, ana duba yoyon mai, fetur da ruwa. A taka birki a bi giyoyi ɗaya-ɗaya, a sake auna man giya. A karanta ƙwaƙwalwa da na'ura a goge tsofaffin laifuka.

Fitar farko a fili, a hankali. Gwada birki, yi zagaye hagu da dama da sitiyari a murɗe. Ƙara mai kama da ƙas-ƙas a kwana daga shaf take. Tirjewa kuwa tana nuna giyar aksil, tayoyi ko tiransfa. Sai a hau titi a ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Girgizar da ke ƙaruwa da gudu yawanci farfela ce. Bayan tafiya ta ɗan lokaci a tsaya a kai hannu kusa da tiransfa: ɗumi daidai ne, zafin da ke ƙona hannu ko warin ƙuna alama ce ta a koma lamba 3 a sake ƙirga.

Don tabbatar da gaba yana ja, a sami rairayi ko tsakuwa, wani ya tsaya a gefe, nesa kaɗan, ya kalli tayoyin gaba lokacin da aka taka totur daga tsaye.

*Gargaɗi:* daga yau ba a jan motar nan da tayoyi biyu a sama biyu a ƙasa. In ta lalace a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka, ko a cire farfela.

Ka sa ran shan mai zai ɗan ƙaru, saboda nauyi da ƙarin kayan da ke juyawa. Bayan tafiyar makon farko a koma gareji a sake bin bol ɗin firam, na farfela, na ƙafafu da notin tayoyi da sifanar awo, a duba matakin man difarenshal da na tiransfa, a sake auna tsayin gaba, don sababbin robobi sukan ɗan zauna. In tsayin ya sauya, a gyara shi a maimaita alaimen.